Tallafin Talaka Ya Zama Haƙƙi a Doka



A watan Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya isa ya hana shugabanni barci: mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, suna cikin talauci. Masu binciken sun duba abinci, ruwan sha, nisan asibiti, yaran da ba sa zuwa makaranta, har da abin da ake hura wutar girki da shi. Miliyan 86 daga cikin waɗannan mutane a Arewa suke. A Jihar Sakkwato, tara cikin kowane mutum goma abin ya shafa. An kuma yi wannan lissafi ne tun kafin a cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kafin kuɗin mota da na kwanon masara su yi tashin gwauron zabi.

Ba shirye-shirye aka rasa ba. Gwamnatin Obasanjo ta kafa NAPEP a 2001, ta Jonathan ta zo da SURE-P a 2012, ta Buhari kuma a 2016 ta kawo N-Power, ciyar da 'yan firamare, da naira dubu biyar a wata ga gidaje mafi talauci. Wani ɓangare na wannan kuɗi ya fito ne daga dala miliyan 322 na dukiyar Abacha da ƙasar Suwizalan ta dawo da su. Matan karkara da yawa sun karɓa, sun sayi akuya, sun shiga adashi, sun kai yaro asibiti. Wannan gaskiya ce, kuma rashin adalci ne a ce babu wanda ya amfana.

Sai dai a duba yadda aka ƙare. A watan Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda gwamnoni suke zama, ta ce ba ta amince da rajistar talakawan da aka shafe shekaru ana haɗawa ba. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai, Betta Edu, bisa zargin tura kuɗin gwamnati asusun wata mata, sannan aka tsayar da shirye-shiryen gaba ɗaya na wani lokaci. Bazawarar da ke ƙauye da marayu huɗu ba ta ci ko kwabo ba, amma ita aka fara hukuntawa. Ba ta da ofishin da za ta kai kuka, ba ta da kotun da za ta saurare ta, domin abin da ake ba ta alfarma ce ta mai mulki, wadda yake bayarwa in ya ga dama, ya riƙe in ya ga dama.

Tushen matsalar yana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 16 ya umarci gwamnati ta samar wa 'yan ƙasa matsuguni, abinci, albashin da zai riƙe mutum, fansho da kulawar tsufa, da tallafi ga marasa aiki, marasa lafiya da masu buƙata ta musamman. Amma sashe na 6 ya hana kotu shiga maganar babin da sashe na 16 yake ciki. An yi alkawari da hannun dama, an karɓe da hagu.

Afirka ta Kudu ta bi wata hanyar. Sashe na 27 na kundinta na 1996 ya sa tallafin rayuwa cikin haƙƙoƙin da ake iya nema a gaban alƙali. Da wasu 'yan asalin Mozambik masu izinin zaman dindindin suka kai ƙara, a 2004 Kotun Tsarin Mulki ta ce su ma a biya su kuɗin tsofaffi da na yara. A 2017, da rikicin kwangila ya kusa tsayar da biyan miliyoyin mutane, ƙungiyar Black Sash ta garzaya kotu, kotu ta tilasta a ci gaba da biya. Ƙasar tana fama da nata talaucin da rashin aiki mai tsanani, amma tsohuwa a can ta san ranar da kuɗinta zai shigo, ko wace jam'iyya ce a kan mulki.

Za a ce babu kuɗi. Lesotho, ƙaramar ƙasa ce da ba ta da ɗigon man fetur, tun 2004 take biyan fansho ga tsofaffin da suka kai shekara 70. Shirin Bolsa Família na Burazil, wanda aka fara a 2003, ya shafe shekaru yana cin kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da ƙasar ke samarwa, yana kaiwa ga gidaje fiye da miliyan goma. A nan gida ma an gwada: a 2007 Gwamna Sule Lamido ya sa hannu kan dokar biyan masu buƙata ta musamman naira dubu bakwai a wata a Jigawa, ɗaya daga cikin jihohi mafi ƙarancin kuɗin shiga.

Akwai kuma giɓin da ba a cika magana a kansa ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 daga albashin ma'aikaci, mai ɗaukar aiki ya ƙara kashi 10. Manomi, mai tura kura, ɗan acaɓa da mai ƙosai fa? Su ne mafi rinjayen masu neman abinci a ƙasar, kuma babu mai zuba musu komai. A da zumunci da gayya da zakka suna rufa asiri, har yanzu ma suna yi daidai gwargwado. Amma idan 'yan bindiga suka tashi ƙauye guda a Zamfara ko Katsina, mai bayarwa da mai karɓa duk sun zama 'yan gudun hijira.

Arewa ba baƙuwa ba ce a irin wannan gwagwarmaya. Tun 1950 Malam Aminu Kano da 'yan jam'iyyar NEPU suke shan ɗauri da bulala kan zaluncin da ake yi wa talaka, har aka kai 1979, lokacin da gwamnoni Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman ma sun yi shekaru suna zarya a Majalisar Tarayya kafin a sa hannu kan dokar hana nuna musu wariya a Janairun 2019. Duk sun yi nasara ne saboda sun tsaya kan buƙata guda, ba su bari an sallame su da buhun shinkafa ba.

Buƙatar yau ita ce doka a kowace jiha da ta fayyace wanda ya cancanci tallafi, nawa ne, da ranar biya, tare da kason da ba a taɓawa a kasafin kuɗi. A liƙa sunayen masu karɓa a ƙofar gidan mai unguwa, a buɗe wurin ɗaukaka ƙara ga wanda aka cire. Malaman jami'a su bi sawun kuɗin, limamai da fastoci su faɗa a mumbari, ƙungiyoyin ƙwadago da na 'yan kasuwa su kai ƙudurin gaban 'yan majalisarsu. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, a tambaye shi a bainar jama'a ko zai goyi bayan wannan doka, a kuma rubuta amsarsa.