Takarda ko Gilashin Waya: Me Za Mu Saya wa Ɗakin Karatun Wemtenga?

Shugaban taro, malamaina, iyaye da ɗalibai, lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka ba zan yi dogon sharar fage ba.

Kowa a nan ya san abin da ya tara mu. An haɗa ɗan kuɗi domin ɗakin karatun unguwarmu ta Wemtenga a nan Wagadugu, sai wasu abokan aikina suka dage a sayi kwamfutocin hannu, a zuba musu littattafai, a huta da kanta da ƙura. Mun daɗe muna wannan jayayya da su, kuma har yau ina kan bakana.

Hujjar da na fi dogara da ita ta fito ne a 2018. Pablo Delgado da Ladislao Salmerón na Jami'ar Balensiya da ke Sifen, tare da abokan aikinsu biyu, sun tattara bincike 54 da aka yi tsakanin 2000 da 2017, wanda ya shafi mutum sama da 170,000. Tambayarsu ɗaya ce: in aka ba mutane rubutu guda, wasu a takarda wasu a gilashi, su wa suka fi fahimta? Masu takarda ne suka fi. Amma ku dubi inda bambancin ya faɗo. A labarin hira, ba a ga wani bambanci ba. A rubutun ilimi, irin tarihi da kimiyya da duk abin da ake karantawa don a riƙe, takarda ta yi gaba. Kuma ratar ta fi fitowa in an ƙayyade wa mai karatu lokaci. To ina tambaya, wace jarrabawa ce a ƙasar nan ba a ƙayyade mata lokaci? Masu binciken sun kwatanta girman ratar da kusan kashi biyu cikin uku na ci gaban da yaron firamare yake samu a fahimtar karatu cikin shekara guda. Wannan ba abin wasa ba ne ga uban da ya biya kuɗin makaranta da guminsa.

Akwai abu na uku a binciken, kuma shi ne ya fi damuna. Abokaina kullum cewa suke yi yaran yanzu da waya aka haife su, za su saba. Da haka ne, da ratar ta riƙa raguwa shekara bayan shekara. Alƙaluman sun nuna ƙaruwa ta yi. Wato yawan zama da waya bai koya wa yaro karatun natsuwa ba, ya koya masa shafa da yatsa ne, ya tsinci kalma nan ya tsallake can. Ina ganin haka a ajina. Yarinya ta buɗe darasi a waya, kafin ta kai layi na biyar saƙon WhatsApp ya leƙo daga sama, idonta ya bi shi. Ba na ganin laifinta, don an ƙera na'urar ne domin ta ja ido.

Ga kuma abin da na gani a gidanmu. Lokacin da aka rushe unguwar Zangwatin a 2003, cikin kayan da muka ɗora a amalanke akwai akwatin ƙarfe na mahaifina. A ciki akwai Risala mai rawayar takarda, gefunanta sun yi baƙi da hannu, kuma kowane shafi yana ɗauke da fassarar ajami da ya rubuta da alƙalaminsa a gaban malaminsa. In ka tambaye shi mas'ala, sai ya ce tana hannun dama, can ƙasa, kusa da inda tawada ta ɗiga. Wurin da magana take a shafi yana cikin abin da yake riƙe ta a ka. Gidan ya tafi, littafin yana nan, ɗana yana karatu da shi yanzu.

Sai kuma halin ƙasarmu. A watan Nuwamban 2021 an yanke intanet na waya a Burkina fiye da mako guda, kun tuna. Watannin zafi kuwa, Maris zuwa Mayu, lokacin da ɗalibi ya fi bukatar bita, su ne lokacin da aka fi ɗauke wuta. A Nijeriya, dandalin OkadaBooks da marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu ya rufe a ƙarshen 2023. Ita kanta Suwidin, da ba ta san ɗauke wuta irin tamu ba, a 2023 ta koma zuba kuɗi wajen saya wa makarantu littattafan takarda.

Na ji ana cewa littafin waya ya fi araha, ba shi da nauyi, kuma tsoho yana iya ƙara girman baƙi. Gaskiya ne. Mai son labaran marubutan Kano ya ci gaba da karantawa a wayarsa, ba ni da ja. Amma wayar tana aljihun kowa tun tuni, ba sai mun saya da kuɗin jama'a ba.

Abin da nake nema a wurin kwamiti shi ne mafi yawan kuɗin ya tafi ga littafin da za a ɗora a kanta. Fatakenmu suna zuwa Kano ta Yamai da Maradi, a ba su suna su taho mana da Magana Jari Ce da sauran littattafan Zariya, da na addini daga kasuwar Kurmi. Na Faransanci a jira bajekolin littattafai na FILO a saya a nan Wagadugu. Abin da ya rage a sayi injin buga takarda guda, domin ɗalibin Jami'ar Joseph Ki-Zerbo da aka turo wa darasi ta waya ya fitar da shi, ya ja layi da biro. Sannan a ajiye kwando a bakin ƙofa, duk mai shiga ya sa wayarsa a ciki, har da mu malamai.