Dafin da Wuta Ba Ta Ɓatawa: Jawabi ga Hakimai da Magatakardansu

Maganar da aka umurce ni in kawo gabanku ta shafi ƙarar da ta kan zo zaurenku bayan biki ko walima, watau a ce mutane goma ko ashirin sun ci shinkafa tukunya guda, kafin la'asar duk suna amai, sa'an nan a nuna wata mace, ko kishiya ko mai dafuwa, a ce ita ta zuba guba. Sau da yawa ba wanda ya zuba kome. Dafin a cikin tukunyar ya tsiro, kuma likitoci sun san siffarsa sarai.

Akwai wata ƙwayar cuta da masana ke kira Bacillus cereus. A ƙasa ta ke zaune, tana bin ƙura ta hau hatsi tun a gona. In ta ji wuya sai ta ƙulle kanta cikin ɓawo mai tauri, har tafasar ruwa ba ta iya kashe ta. Bayan an sauke tukunya, abinci ya fara hucewa, sai ta farka ta yi ta hayayyafa, gama ga ɗumi ga danshi, ga shi wuta ta kawar mata da abokan hamayya. Ba kowane irinta ke yin dafin amai ba, amma wanda ke yi, a cikin abincin ya ke zuba shi tun ba a kai baki ba. A Ingila aka fara lura da wannan a 1971, wajen masu cin soyayyar shinkafa a gidajen abinci, inda a kan dafa ta da yawa a ajiye don gobe.

To, sai a tambaya, in an mayar da abincin kan wuta, ashe dafin ba zai mutu ba? Amsar tana ga yadda Allah ya gina shi.

Yawancin dafin ƙwayoyin cuta kamar doguwar tasbaha ya ke, an jera ƙananan duwatsu a zare, an naɗe ta naɗi na musamman, kuma ƙarfinta duk a naɗin ya ke. Ku ɗauki dafin botulinum, wanda a kan samu a abincin gwangwani da ya lalace, da shi ke ba a san dafin da ya fi shi kisa ba. Duwatsunsa kimanin 1,300 ne, a sarƙa biyu, babba da ƙarama. Duk da wannan mugunta tasa, in aka tafasa abinci minti 10 sai naɗin ya warware, kamar yadda farin ƙwai ke sandarewa a kasko ba ya komawa yadda ya ke. Da ya warware ya zama banza.

Dafin shinkafa kuwa dabam ne. A 1994 wani masani mai suna Norio Agata da abokan aikinsa a birnin Nagoya na ƙasar Japan suka tsamo shi, suka gano gininsa, aka sa masa suna sereyulid. Duwatsunsa 12 ne tak, iri huɗu an maimaita su sau uku, kuma an haɗa bakin zaren da ƙarshensa ya zama munduwa. Nauyinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na botulinum ba. Abin da ba shi da dogon naɗi, me wuta za ta warware? An gwada shi a zafi awo 121 na ma'aunin Selshiyas har minti 90 bai lalace ba, alhali ruwa a awo 100 ya ke tafasa. Ashe murhun gida, komi yawan itacen da aka tura, bai isa ba.

Ciki ma ba ya narkar da shi. Ruwan cikinmu yana da abubuwan da ke yanka nama da wake gunduwa-gunduwa, amma sun saba da duwatsu masu fuskantar gefe guda. A wannan munduwa shida daga cikin 12 a juye su ke, kamar hannun hagu ga na dama, don haka wuƙar ba ta samun wurin kamawa.

Ga kuma inda abin ya fi ban mamaki a ganina. Ramin tsakiyar munduwar daidai ya ke da ƙwaya guda ta sinadarin fotashiyam, wanda ke da yawa a tokar itace, ke kuma cikin jikin kowa. Bayan munduwar mai son maiƙo ne. Jikin mutum an gina shi da ƙananan ɗakuna kamar saƙar zuma, bangonsu na maiƙo, a cikin kowane ɗaki akwai 'yan murhu da ke juya abinci ya zama ƙarfi. Sai munduwar ta rungumi fotashiyam, ta ratsa bangon maiƙo da shi, ta kai shi cikin murhun inda bai kamata ya shiga haka ba, murhu ya mutu. A hanji kuwa tana taɓa jijiyar da ke kai saƙo ga ƙwaƙwalwa, shi ya sa amai ke zuwa da sauri, tsakanin rabin sa'a da sa'a 6.

Yawancin masu ciwon su kan warke cikin yini guda. Amma in dafin ya yi yawa hanta ce ke shan wahala. A 2008 wani saurayi ɗan shekara 20 ya rasu a birnin Burasal na Beljiyam bayan ya ɗumama taliyar da ta kwana biyar a ɗaki ba sanyi, ya ci.

Kada a fahimce ni cewa na haramta ɗumame, wanda kakanninmu suka rayu da shi. Shinkafa da taliya su aka fi kamawa da wannan laifi, kuma haɗarin ya fi girma ga babbar tukunyar biki, da a kan sauke da asuba a rufe, tsakiyarta ta yini da ɗumi, a raba da yamma. Wari ko ɗanɗano ba lalle su nuna kome ba. Abin da mu ke roƙo ku isar wa dagatai da masu unguwa shi ne a dafa kusa da lokacin ci, abin da ba a raba ba ya zauna a kan wuta da zafinsa. Inda akwai firji, a shimfiɗa ragowar a faranti ta huce da wuri a sa ciki. Shinkafar da ta yini ta kwana cikin zafin bazara, a haƙura da ita. Masu sayar da abinci a kasuwa da tasha su ma a gaya musu.

Ku kuma malamai, in irin wannan ƙara ta zo, kafin a rubuta sunan wadda a ke zargi, a rubuta abin da aka ci, da sa'ar da aka sauke shi, da sa'ar da aka ci, da sa'ar da amai ya fara, da adadin waɗanda suka ci da waɗanda suka kamu. A hana zubar da ragowar abincin, a aika wa ma'aikatan lafiya. Masu amai a riƙa ba su ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Yaron da ya galabaita, ko barci ya rinjaye shi, ko idonsa ya yi rawaya, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye.