Amsar Wasiƙunku: Wayar Da Aka Tsinta A Sito

Wani ɗan kasuwar shinkafa daga Yelwan Yauri ya rubuto mana cewa yaransa sun tsinci wayar salula a maƙale tsakanin buhuna a sitonsa, kusa da inda yake lissafi da dillalai. Kwana huɗu ke nan ba wanda ya zo cigiya. Yana tambaya, ya riƙe ta ne ko kuwa yaya?

To Alhaji, madalla da ka tambaya kafin ka taɓa ta. Yawancin irin wannan tsintuwa mantuwa ce kawai. Mai dako ya ajiye, mota ta tashi, ya wuce Wara ko Shanga. Amma wayar da ta kwana huɗu ba a kira ta ba, ba a zo nemanta ba, wannan kam abin dubawa ce.

Ka san waya tana da kunne. Ana iya kunna mata ɗaukar murya ta yi sa'o'i tana naɗa, ko a saita ta ta riƙa amsa kira da kanta ba tare da ta yi ƙara ba. Shi ya sa manyan kamfanoni a Turai da Amurka kan hana shiga wasu ɗakunan taro da waya, don kada abokin gasa ya ji sirrinsu. Kada ka ce ai kai ba kamfani ba ne. Farashin da ka saya a hannun manoma, da ranar da za ka ɗauko kuɗi, da hanyar da motarka za ta bi, duk sirri ne. A wannan yanki namu ma, ba abokin gasa kaɗai ke son jinsu ba. Ba mu manta da sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni na 2021 ba, kuma kowa ya san 'yan bindiga da masu kai musu rahoto suke aiki.

Saboda haka, fitar da ita daga inda kake maganar kuɗi yau ɗin nan. Kada ka sa layinka a ciki, kada ka bar yaro ya sa nasa. Kowace waya tana da lambarta ta musamman da kamfanin layi ke gani, kuma tun Disamba 2020 gwamnati ta ba da umarnin haɗa layuka da lambar katin ɗan ƙasa. Idan wayar ta sata ce, ko an nemi kuɗin fansa da ita, sunanka ne zai fito.

Kai ta wurin sarkin kasuwa a gaban shaidu biyu, a rubuta ranar da wurin da aka tsince ta, a yi shela. Malamai dai sun ce tsintuwa mai daraja shekara guda ake cigiyarta. In ba mai ita ya fito ba cikin 'yan kwanaki, ku miƙa wa 'yan sanda tare. Wanda ya zo ya ce tasa ce, ya faɗi lambar layin, ya buɗe ta a gabanku.

Abu guda nake roƙonka, Alhaji. Kada ka nuna wani yaronka da yatsa ka ce shi ya ɗana ta. A yanzu kalmar "infoma" in ta hau kan mutum a kasuwa, tana iya jawo masa duka ko ma kisa kafin a gano gaskiya. Bar wa hukuma binciken.

Masunta a bakin tafkin Kainji da masu cajin waya a tasha, ku ma wannan amsa taku ce. Sai wasiƙa ta gaba.