Idon Ɗan Adam da Dusashewar Taurari

Batun wannan lacca shi ne wani aikin sa kai da aka fara a shekarar 2006 daga birnin Tucson na ƙasar Amurka, mai suna Globe at Night, inda jama'ar gari, ba masana ba, suke auna yadda hasken fitilun birane yake dusashe taurari.

Aikin ba ya bukatar na'ura. Mai sa kai yakan fita a daren da babu farin wata, bayan faɗuwar rana da kamar sa'a guda, ya dakata minti 10 har idonsa ya saba da duhu, sa'an nan ya nemi wani rukunin taurari sananne, alal misali Oriyon. Sai ya gwada abin da ya gani da wasu taswirori, wata mai taurari kaɗan, wata mai taurari fal, ya zaɓi wadda ta dace da samaniyarsa, ya aika ta intanet tare da wuri da lokaci da yanayin gajimare.

Mai sauraro zai iya cewa wannan ai wasan yara ne, tun da akwai taurarin ɗan Adam masu ɗaukar hoton duniya da dare. To, a nan gizo ke saƙar. A shekarar 2023 Christopher Kyba da abokan aikinsa suka nazarci rahotanni 51,351 da aka tara daga 2011 zuwa 2022, suka tarar hasken samaniya yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 kowace shekara, alhali na'urorin sama sun nuna kamar kashi 2 kacal. Dalili kuwa shi ne na'urar ba ta ganin shuɗin hasken fitilun LED da birane suka koma wa, kuma hasken da ke fita ta gefe, daga tagogi da allunan talla, yakan kuɓuce mata. Ido kuwa yana ganin sakamakonsa. Bisa wannan lissafi, yaron da aka haifa inda ake ganin taurari 250, kafin ya cika shekara 18 sun koma 100.

Sai dai aikin yana da giɓi babba, domin mafi yawan rahotannin daga Turai da Amurka ta Arewa suke. Taswirar duniya ta 2016 ta sanya Cadi cikin ƙasashen da darensu ya fi duhu, amma irin waɗannan wurare, inda har yau yara ke nuna wa juna Kaza da 'Ya'yanta, su ne rahoto ya fi ƙaranci daga gare su.