Jawabin Sakataren Gidauniya: Waƙafin Ilimi da Arzikin Al'umma

 



Lissafin shiga da fita na bana yana cikin rahoton da ke hannunku, ba zan maimaita shi ba. Abin da nake neman izinin faɗa ya fito ne daga littafin rajistar masu karɓar zakka, wanda ni nake riƙe da shi. Sunayen da muka rubuta shekarun baya su ne muke sake rubutawa duk shekara. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, yanzu mun fara rubuta sunayen 'ya'yansu. Idan ka tambayi matashin me ya iya, sai ya sunkuyar da kai. Bai ƙare firamare ba, bai yi nisa a allo ba, ba shi da sana'ar hannu.

Ba ina raina ciyarwa ba ne. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma yaron da bai karya kumallo ba ba zai fahimci darasi ba. Amma burin zakka shi ne mai karɓa ya wadata, har wata rana dukiyarsa ta kai nisabi, ya fitar da ɗaya cikin arba'in ya ba wani. Ban san hanyar da ta fi ilimi kai mutum ga wannan matsayi ba.

Yadda ilimi yake haifar da arziki ba ɓoyayyen abu ba ne. Manomin da ya iya karatu yana duba buhun taki da kwalbar maganin feshi, ya san ma'auni, ya gane wanda wa'adinsa ya wuce. Yaron shago a Kantin Kwari da ya iya riƙe littafin bashi, shi ne maigida yake buɗe wa rumfa. Uwar da ta iya karanta takardar asibiti ba ta kuskuren awon magani, kuɗin jinya kuma ya zama jari. Idan aka tara irin waɗannan gidaje dubu bisa dubu, shi ne abin da masana suke kira bunƙasar tattalin arziki.

Ƙasar Koriya ta Kudu misali ce. Ta fito daga yaƙi a 1953 tana cikin matalautan ƙasashen duniya, ba ta da rijiyar man fetur. Sai ta dage wajen sanya kowane yaro a firamare, daga nan sakandare da makarantun koyon sana'a. Yau wayoyin Samsung da motocin Hyundai suna kasuwanninmu. Mu kuwa an gano mai a Oloibiri tun 1956, amma Asusun UNICEF ya daɗe yana ƙiyasta cewa yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, akasarinsu a Arewa. Arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa bai kai wanda ke cikin ƙirjin mutane ba.

Wannan darasi ba baƙo ba ne a wurinmu. Bayan yaƙin Badar, fursunan da ba shi da kuɗin fansa amma ya iya rubutu, an karɓi koyar da yara goma na Madina a matsayin fansarsa. Musulmi suna cikin tsananin buƙatar dukiya a lokacin, duk da haka aka ɗauki alƙalami daidai da dirhami. A 859 kuma, wata baiwar Allah, Faɗimatu al-Fihriyya, ta sa gadonta ta gina masallacin Ƙarawiyyin a birnin Fas na Maroko, wanda ya zama jami'ar da ake karatu a cikinta har yau. Azhar ta Alƙahira ma ta rayu ƙarnuka a kan kuɗin waƙafi, tana ciyar da ɗalibai, ciki har da na ƙasashenmu.

Wani malami zai ce: ai zakka tana da masu ita, kashi takwas da Suratut Tauba ta ambata. Gaskiya ne, kuma ba za mu ƙetare iyaka ba. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a gina makaranta ko masallaci da kuɗin zakka. Ana dai ba ɗalibi matalauci saboda talaucinsa. Shi ya sa ƙofar da ta rage mana ita ce waƙafi, kuma ƙofa ce mai faɗi. Asalinsa gonar Sayyidina Umar ta Haibara, wadda aka umarce shi ya tsare tushenta ya yi sadaka da amfaninta. Malamanmu na Malikiyya sun ƙara sauƙaƙawa, domin sun halatta waƙafi na ƙayyadadden lokaci. Mai shago biyu zai iya ba da hayar ɗaya na shekara biyar, sannan ya koma hannunsa.

Saboda haka ina gabatar wa Kwamiti roƙo guda uku. Na farko, a buɗe asusun waƙafin ilimi daban, kada ya cakuɗu da na zakka. Na biyu, a fara da 'ya'yan waɗanda ke cikin rajistarmu, maza da mata, a haɗa musu karatun addini da na zamani da sana'a. Na uku, daga baɗi rahotonmu ya riƙa nuna yawan gidajen da suka daina karɓa, ba yawan buhunan da muka raba kaɗai ba.

Iyayenmu attajirai, gida ko gona ko rumfar kasuwa da kuka tsayar domin karatun yaran nan sadaka ce mai gudana, ladanta zai riske ku a kabari.

Allah Ya karɓi zakkarku, Ya sanya albarka a abin da ya rage, Ya jiƙan magabatanmu.