Minti biyu na Turancin baka

A jarrabawar IELTS ta baka akan miƙa wa ɗalibi kati, wani lokaci a ce ya ba da labarin aikin da ya yi tare da wasu. Minti 1 na shiri, 2 na magana.

Nan ake yin ta. Gwanin nahawu a takarda sai harshensa ya sarƙe, labarin bara ya fito da sigar yau, "p" ta rikiɗe "f", tsohon ciwon Bahaushe.

Wajen atisaye, masu dabara kan zauna bibbiyu. Ɗaya na bayanin yadda matasan unguwa suka yi gayyar yashe kwata, ɗaya na naɗa a waya, bakinsa gum. Gyara sai an kammala, domin katsewa na tsinke zaren magana.

Ɗalibai, ku nemi abokin atisaye tun kafin biyan kuɗin jarrabawa.