Ɓawon jatan lande, fiffiken fara da ruwan da muke sha

Laccar da aka gabatar a Sabo, Ibadan

 Tarihin Sabo tun 1916 da cinikin shanu da goro kowa a nan ya fi mai lacca saninsa. Maganar yau ta ruwa ce, da kitosan, garin da ake tace shi da shi.

Kitosan ba sabon abu ba ne. Wani Bafaranshe, Charles Rouget, ya fitar da shi a 1859 daga kitin, sinadarin da ke ba ɓawon ƙaguwa da jatan lande da fara ƙarfi. Ana wanke ɓawon da ruwan asid don cire allinsa, a cire naman da ya maƙale da soda mai ƙuna, sannan a dafa shi cikin soda mai kauri. Garin da ya rage yana da maƙalai a jikinsa da ke cafke dalma da kuromiyam da launin rini daga cikin ruwa. Aibinsa shi ne yana narkewa a ruwa mai tsami, don haka ake cuɗa shi da yumɓu ko gawayi, ko da garin baƙin ƙarfe yadda maganaɗisu zai janye shi idan ya gama aiki. Ana kuma ɗora masa ƙarafa irin su faladiyam don zaburar da haɗuwar sinadarai a masana'antu, amma wannan ba shi ne ciwon kanmu ba tukuna.

Ciwon kanmu dalma ce. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, ta sake ɓulla a Rafi ta jihar Neja a 2015. Ba sai an je arewa ba ma: a wajen Lalupon, nan kusa, an taɓa jibge dattin wata masana'antar batir, kuma masu bincike na Jami'ar Ibadan sun sami dalma a ciyawar wurin da jikin shanun da ke kiwo a can. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda dalma ta wuce miligiram 0.01 a litar ruwan sha ba, kuromiyam kuwa 0.05.

A nan ne mai lacca yake da tsohuwar rigima da abokan aikinsa. Ɗalibi zai sayo kitosan daga ƙasar waje, ya zuba launi guda a tataccen ruwa, ya girgiza kwalba, ruwa ya yi fari, a buga takarda, a sami ƙarin girma. Wane kogi ne yake gudana da tataccen ruwa? Wanda ya taɓa tsayawa bayan kamfanonin jima na Challawa ko Sharaɗa ko Bompai a Kano ya san abin da ke fita: gishiri, farar ƙasa, kitse, gashi, wari mai toshe numfashi, kuromiyam na cikinsu. Duk waɗannan suna rububin maƙalan kitosan ɗin, su cika su kafin gubar da ake nema ta sami wuri. Sakamakon da ya burge a kwalba yakan zube a nan. Sannan tambayoyin da takardun ke tsallakewa: sau nawa za a wanke garin a sake amfani da shi? Idan ya ƙoshi da guba, ina za a kai shi? In bola za a zuba, an dai sauya wa gubar masauki ne kawai.

Masu cewa gawayi ya fi araha suna da gaskiya a kan farashi, sai dai ba ya kama ƙarafa kamar kitosan, kuma haɗa su biyun ake nema. Masu jiran manyan injinan tace ruwa daga Turai sun daɗe suna jira.

Kayan aikin yana gida. Ɓawon jatan lande yana nan a kasuwar Bodija. Fiffike da ƙafafun fara da masu suya ke zubarwa daga Maraɗi zuwa Maiduguri kitin ne, kuma allinsa bai kai na ƙaguwa ba, don haka asid kaɗan yake ci.

Roƙon mai lacca bai canza ba. Kada jami'a ta karɓi binciken kitosan da ba a gwada shi da ruwan masana'anta na gaske ba. Cibiyar fasahar fata ta Samaru da cibiyar binciken sinadarai ta Basawa a Zariya su kafa wurin gwaji a bakin magudanar kamfanin jima guda, hukumar kula da muhalli ta NESREA ta riƙa auna abin da ke fita. Shugabannin Sabo kuma su tara kuɗi a kai ruwan rijiyoyin unguwa jami'a a auna, a karanta sakamakon a masallacin Juma'a.